Daga Wasiƙun Gaskiya Zuwa Alƙaluman Facebook

'Yan'uwa marubuta, ƙidayar masu karatu ba yau aka fara ta ba. Lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, editanta Malam Abubakar Imam yana auna ra'ayin jama'a da yawan kwafin da aka sayar da kuma wasiƙun da ke zuwa masa. Sai dai wasiƙa sai mai iya rubutu, mai kuɗin kan sarki. Yawancin manoma ba sa cikin lissafin.

Yau edita kan duba waya ya ga mutum nawa suka buɗe labari, daga wane gari, minti nawa suka tsaya. Amma giɓin yana nan. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa. Editan da ya dogara da alƙaluma kaɗai zai ɗauka babu mai karatu a Sheme, alhali a nan labarin yake.

Mu riƙa duba alƙaluma domin gyara kanun labari da lokacin sakinsa. Amma kafin mu zaɓi abin rubutawa, mu tambayi kanmu wane ne ba a ƙidaya ba.