Asusu da matsayin masu amfani a Power BI

Asusu da matsayin masu amfani a Power BI tsari ne da ke fayyace wanda zai iya gani ko sauya rahotanni a wannan manhaja ta nazarin bayanan kasuwanci, wadda kamfanin Microsoft ya buɗe wa jama'a a intanet ranar 24 ga Yuli, 2015. Kowane ma'aikaci yana shiga ne da asusun da ma'aikatarsa ta buɗe masa a Microsoft Entra ID, wanda kafin 2023 ake kira Azure Active Directory.

A kowane zauren aiki, wato wurin da ake ajiye rahotanni a manhajar, akwai matsayi huɗu: mai kula, mamba, mai ba da gudummawa da mai kallo. Mai kula ne kaɗai yake iya goge zauren baki ɗaya. Mai kallo kuwa sai dai ya duba, ba ya taɓa komai.

Akwai kuma ƙa'idar da ke ɓoye wasu layukan bayanai, ta yadda manajan wani reshe ba zai ga cinikin sauran rassa ba, ko da rahoto ɗaya suka buɗe. Wannan ƙa'ida masu kallo kaɗai take shafa. Sauran matsayi uku suna ganin bayanan duka.