Gwiwar da ta raba Amokachi da fili

Ranar 19 ga Yunin 1998, a filin Parc des Princes da ke birnin Paris, Najeriya ta doke Bulgeriya da ci ɗaya mai ban haushi, Victor Ikpeba ne ya zura ƙwallon. Daniel Amokachi yana cikin waɗanda suka buga wasan. Shekarunsa 25 a lokacin, yana ganiyar ƙarfinsa, kuma kowa ya ɗauka akwai sauran gasar kofin duniya ɗaya ko biyu a gabansa. Ashe wasansa na ƙarshe ke nan a wannan gasa. Gwiwa ta hana shi buga karawa da Faraguwai, ta hana shi buga wadda Denmak ta yi mana ci 4 da 1, wasan da ɗan garinsu Tijjani Babangida ya ci mana ƙwallon fita kunya. Daga nan Amokachi bai sake komawa yadda aka san shi ba.

Wanda duk ya haura shekara arba'in a Kutawa ko Kurfi ko Dutsin-Ma, in dai yana son tamaula, ba sai an gabatar masa da Amokachi ba. Zamanin da gidajen kallo ba su yawaita ba, ana taruwa gaban talabijin ɗaya ko a kasa kunne ga rediyo, sunansa yana cikin waɗanda yara ke laƙaba wa kansu a filin firamare. Abin da ya ƙara masa farin jini a Arewa shi ne ɗan Kaduna ne, a can aka haife shi ranar 30 ga Disambar 1972, kuma Hausa a bakinsa take zaune daram. Amma ka tambayi masoyan nasa yaushe ya yi ritaya, sai ka ga an yi shiru ana kallon juna. Ba laifinsu ba ne. Ritayar Amokachi ba ta da rana. Likitocin Turai ne suka yanke masa ita, ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana ta ƙoƙarin nuna cewa da sauransa.

A ƙungiyar Ranchers Bees ta Kaduna ya fito, wadda ta ɗauki kofin ƙungiyoyin Afirka ta Yamma a 1989. Clemens Westerhof, ɗan ƙasar Holan mai horar da Super Eagles, ya ga yaron ya ɗauke shi zuwa gasar kofin Afirka ta 1990 a Aljeriya yana da shekara 17. Najeriya ta kai wasan ƙarshe, masu masaukin baƙi suka yi nasara da ci ɗaya. A wannan shekarar ya tafi Club Brugge ta Beljiyam, kuma a can ya kafa tarihin da ba mai iya ƙwacewa: ranar 25 ga Nuwamban 1992 ya ci CSKA Moscow, ƙwallon farko da aka ci a rukunin gasar zakarun Turai bayan an sauya mata suna da fasali.

Shekara uku da suka biyo baya su ne suka sa sunansa ya zaga duniya. A 1994 Najeriya ta ɗauki kofin Afirka a Tunisiya, sannan ta tafi Amurka gasar kofin duniya karon farko. Amokachi ya ci Bulgeriya a wasan da aka tashi 3 da nema, ya kuma ɗirka wa Girka wata daga nesa ana dab da tashi. A karawa da Italiya rauni ya fitar da shi tun kafin hutun rabin lokaci, Roberto Baggio kuma ya zo ya ci biyu ya kore mu. Everton ta Ingila ta saye shi fam miliyan uku. Mike Walker da ya kawo shi bai daɗe ba aka sallame shi, sabon mai horarwa Joe Royle kuma ya fi ajiye shi a benci.

Nan ne abin da ya fi nuna halin mutumin ya faru. Ranar 9 ga Afrilun 1995 Everton na karawa da Tottenham a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA a filin Elland Road. Paul Rideout ya ji ciwo ana duba shi a gefen fili, mai horarwa bai riga ya yanke shawarar canji ba, sai Amokachi ya shige fili abinsa. Kafin a tashi ya zura biyu, Everton ta ci 4 da 1, ta je Wembley ta doke Manchester United ta ɗauki kofin. Mutumin da zai iya sa kansa a wasa ba tare da jiran izini ba, ba irin wanda zai karɓi maganar likita cikin sauƙi ba ne. Wannan zuciyar ce ta ɗaukaka shi, ita ce kuma ta tsawaita masa wahala daga baya.

Sai Atlanta. Ranar 3 ga Agustan 1996, a wasan ƙarshe na Olamfik, Ajantina tana gaba da ci 2 da 1 saura kusan kwata ɗaya a tashi, Amokachi ya ɗaga ƙwallo ta saman mai tsaron gida ya farke, Emmanuel Amunike ya ƙarasa aiki. A tawagar nan akwai 'yan Kaduna har biyar: shi, da Tijjani Babangida, da Garba Lawal, da Celestine Babayaro da yayansa Emmanuel. Abin tausayi, mutum biyun da suka ci ƙwallayen ƙarshe a ranar duk gwiwa ce ta tsayar da su. Amunike ya koma Barcelona, gwiwa ta kama shi, ko Faransa bai je ba a 1998.

Akwai kuma asarar da ba ta jiki ba. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa a Nuwamban 1995 da saɓanin da ya biyo baya tsakanin gwamnatin Janar Sani Abacha da ta Nelson Mandela, an janye Super Eagles daga gasar kofin Afirka ta 1996 a Afirka ta Kudu, hukumar CAF kuma ta haramta mata shiga ta 1998 a Burkina Faso. Gasa biyu ke nan suka wuce Amokachi yana da ƙoshin lafiya. Da Najeriya ta dawo a 2000, ƙafar ta riga ta tafi.

Yana Beşiktaş ta Turkiyya, inda ya koma a 1996 ya kuma ɗauki kofin ƙasar a 1998, lokacin da ciwon ya yi tsanani. Ya bar ƙungiyar a 1999, daga nan aka shiga yawon neman wurin zama. Ƙungiyar 1860 Munich ta Jamus ta amince da shi, gwajin lafiya ya rushe maganar. Ya je gwaji Tranmere Rovers a Ingila, ba a ɗauke shi ba. Créteil ta Faransa ma rauni ne ya hana. A 2002 Colorado Rapids ta Amurka ta ɗauke shi, ta sake shi tun kafin a fara kakar wasa. Duk wannan bai kai shekara 30 ba.

Gwajin lafiyar nan ba wasan yara ba ne. Likita zai kwantar da ɗan wasa, ya lanƙwasa ƙafar, ya riƙe cinya da hannu ɗaya, ya jawo ƙwauri gaba da ɗayan don ya ji ko jijiya na riƙewa, ya murɗa dama da hagu, sannan a shigar da ƙafar cikin na'urar hoto a ga abin da ya rage na guringuntsi. Nan suna ba ya aiki, kofi ba ya ceto. Ƙungiya kuɗi za ta zuba, ba kuwa za ta zuba su kan gwiwar da ta san ba za ta ɗauki wasa talatin a shekara ba. Salon wasan Amokachi kuma duk a kan gwiwa yake: gudu da ƙarfi, juyawa farat ɗaya, ture mai tsaron baya da ƙirji, har ake kiransa Bijimi. Ɗan wasan tsakiya mai raba ƙwallo yana iya rage gudu ya ci gaba da cin abinci da basira, kamar yadda Garba Lawal ya daɗe yana bugawa. Wanda jarinsa ƙarfi ne, ranar da gwiwa ta gaza kasuwa ta tashi. A ƙara da cewa tun yana ɗan 17 yake ɗaukar nauyin manya, ƙungiya na ja ƙasa na ja.

Ba shi kaɗai ciwo ya yi wa haka ba, amma yadda ake rabuwa da fili ya bambanta. Marco van Basten ya buga wasansa na ƙarshe a 1993 yana da shekara 28 saboda idon sawu, ya yi jinyar shekara biyu, a 1995 ya sanar da ritaya, ya zaga filin San Siro jama'a na tsaye suna tafa masa. A ƙwallon Amurka, Andrew Luck, mai jefa ƙwallo kuma jagoran harin Indianapolis Colts, ya tara 'yan jarida a Agustan 2019 yana da shekara 29, ya bayyana cewa rauni da ciwo da jinya da ba sa ƙarewa sun cire masa daɗin wasan, ya ajiye. Waɗannan sun zaɓi ranarsu. Amokachi bai samu wannan ba, kuma a ganina ƙasar da ya buga wa wasa 44 ya ci mata ƙwallo 13 tana da alhaki a ciki. Ɗan wasan da ciwo ya tsananta masa yana cikin tawagar ƙasa bai kamata a bar shi yana bin ƙofofin ƙananan ƙungiyoyin Turai shi kaɗai ba.

Shi dai Allah ya buɗa masa wata ƙofa. Ya horar da Nasarawa United, ya yi mataimakin mai horar da Super Eagles ƙarƙashin Shu'aibu Amodu, sannan ƙarƙashin Stephen Keshi, kuma yana benci ranar 10 ga Fabrairun 2013 lokacin da Najeriya ta doke Burkina Faso ta ɗauki kofin Afirka a ƙasar da aka hana shi zuwa a 1996. Ya yi aikin horarwa har a Finlan, a 2020 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa shi jakadan ƙwallon ƙafa na Najeriya.

Suna ne ya cece shi, kuma ba kowa ke da shi ba. A garuruwanmu yara suna buga gasar unguwanni a kan ƙasa mai tauri da tsakuwa, wani da takalmin roba. Gwiwa ta murɗe, ta kumbura, sai a shafa man zafi, a ɗaure da bandeji, in abin ya ƙi a kai wa mai ɗori. Mai ɗori ya san karaya da targaɗe, ba a raina aikinsa, amma jijiyar da ta tsinke a cikin gwiwa ba ta ɗoruwa da kara. Bayan mako uku yaron ya koma fili yana ɗingishi domin kada a ba wani lambarsa. Ko a babbar gasar ƙasa abin bai gyaru ba: ranar 8 ga Maris ɗin 2020, a Lafiya, Chineme Martins na Nasarawa United ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa da Katsina United, motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi, ya rasu.

Kirana ga masu shirya gasa da masu ɗaukar nauyin ƙungiyoyi a Kurfi da Dutsin-Ma da sauran ƙananan hukumomin Katsina: kafin a sayi kofi da riguna, a ware kuɗin jinya, a kuma tabbatar da ma'aikacin lafiya da mota mai tashi a bakin fili. Yaron da gwiwarsa ta kumbura ta ƙi saɓewa a kai shi wurin likitan ƙashi, ko da sai an dangana da asibitin Dala a Kano, kuma kada mai horarwa ya mayar da shi fili sai likita ya sa hannu.