Waiwaye: Yadda Kaɗawar Fiffike Ta Zama Hanyar Samun Lantarki

A ranar 7 ga Nuwamba, 1940, gadar Takoma ta Amurka ta yi ta lilo tana murɗewa cikin iska, har ta karye ta rufta ruwa, wata huɗu kacal da buɗe ta. Irin wannan kaɗawa ce ke ɓalle fikafikan jiragen sama, shi ya sa injiniyoyi suka daɗe suna kallonta a matsayin annoba, kowa maganinta yake nema.

A 1981 ne McKinney da DeLaurier na Jami'ar Toronto ta Kanada suka zo da wani tunani daban: tunda iska na iya ɗura wa fiffike ƙarfin da zai karya shi, me zai hana a tatsi ƙarfin? Suka ƙera fiffike guda mai hawa da sauka. In zai hau sai ya ɗaga hanci, in zai sauka ya sunkuyar, ta haka iska ke tura shi duk inda ya dosa, shi kuma yana juya sandar inji. Dabarar duka tana wajen daidaita motsin nan biyu. Da zarar sun saɓa, fiffiken ya koma cin ƙarfi maimakon bayarwa. Abin da suka tatsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin iskar ba, amma dai an ga abu na yiwuwa.

Daga nan hankali ya koma ruwa, wanda ya fi iska nauyi ninki 800. A 2002 aka nutsar da wani inji mai irin wannan fiffike, Stingray, mai kilowat 150 a tekun Shetland ta Birtaniya. Ya yi aiki, tsada ta sa aka jingine shi. A 2008 Kinsey da Dumas na Jami'ar Laval suka nuna da lissafin kwamfuta cewa abin da fiffike ke tatsa na iya kaiwa kashi 34 cikin ɗari.

Ni dai aikin Shawn Frayne ya fi burge ni. Ya ga talakawan Haiti na fama da fitilar kananzir, sai ya ɗaure siririn ƙyalle tamau, ya manna masa maganaɗisu kusa da naɗin wayar tagulla. Iska na kaɗa ƙyallen, wuta na fitowa, daidai ta ƙaramar fitila. Ya sa masa suna Windbelt, aka karrama shi a 2007.

Har yau injin farfela ne ke riƙe da kasuwa, domin abin da ke kai-komo ya fi mai juyawa saurin gajiya da lalacewa. Inda fiffike ke da rabo shi ne koguna marasa zurfi da ƙananan na'urori, kuma can ya kamata masu bincike su zuba kuɗinsu.