Zuma da Kayan Ƙamshi: Tarihin Abin Sha da Iyakar da Magabata Suka Shata



Da yawa daga cikinmu muna kallon fina-finan Turawa na sarakunan da da dodanni, inda mayaƙa ke ɗaga ƙaho cike da wani abin sha ruwan zinare. Giyar zuma ce. Wasu matasa har sun fara sha'awar haɗa ta a gida, suna zaton ruwan zuma ne kawai da kayan ƙamshi. Ya kamata mu san tarihinta kafin sha'awa ta kai mu inda ba mu nufa ba.

Giyar zuma tsohuwar aba ce. A Jiyahu ta ƙasar Sin, masu bincike sun gano ɓurɓushin abin sha na shinkafa da zuma da 'ya'yan itace a cikin tukwanen da suka kai shekara 9,000. A Habasha har gobe ana yin wadda suke kira taj, da zuma da ruwa da wani tsiro mai suna gesho. Sirrin abin ɗaya ne ko'ina. Tsantsar zuma ruwan cikinta bai wuce kashi 17 zuwa 18 cikin 100 ba, shi ya sa take shekaru ba ta lalace ba. Amma da an sirka ta da ruwa aka ajiye a wuri mai ɗumi, ƙwayoyin yis sai su farka su cinye zaƙin, su mayar da shi barasa.

Mu ma ƙasarmu ta san wannan sana'a. Littafin Tarihin Kano, da yake lissafa manyan mutanen Barbushe na Dala, ya ambaci Bugazau a matsayin mai dafa giya, kamar yadda ya ambaci maƙeri da mai magani. A 1826 kuma, Baturen nan Kyaftin Kilafaton, wanda ya rasu a Sakkwato a 1827, ya rubuta cewa a garin Kulfo na ƙasar Nufe ya tarar ana sayar da buza. Ya ce da dawa da zuma da barkono da saiwar wata ciyawa ake haɗa ta, a zuba a manyan tuluna kusa da wuta na kwana huɗu ko biyar. Wato abin da ake nuna mana a fim kamar baƙon abu, an yi irinsa a nan kusan shekara 200 da suka wuce.

To me ya raba mu da shi? Musulunci ne, musamman bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, wanda a sanadinsa Ɗantunku da zuriyarsa suka kafa masarautar Kazaure. Addini bai raba mu da zuma ba. Suratun Nahli ma ta ambace ta da waraka. Abin da aka hana shi ne maye. Ya zo a hadisi cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) dabino ko zabibi ya sha, amma ba ya shan abin da ya wuce kwana uku. Iyakar ke nan: a sha da zaƙinsa, kada a bari ya tashi.

Da wannan iyaka iyayenmu suka gina nasu ilimin. A ƙauyukan Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, manomi kan saƙa amya da ciyawa, ya shafe ta da kashin shanu, ya rataye a ɗorawa ko tsamiya ko kuka. Idan ta cika, sai a hau da dare da hayaƙi a ɗebo saƙa. Kayan ƙamshi kuwa fatake ne ke kawo su: kimba da citta daga kurmi, kanumfari daga nesa, asalinsa ma tsibiran Indonesiya ne. Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ita ce mahaɗarsu. Daga nan aka samu nakiyar gara, da fura da zuma, da jiƙon tsamiya mai citta, da ruwan zuma da lemon tsami na mai mura.

Yau abu biyu ke barazana ga wannan gado. Na farko, muna sare itatuwan da ƙudan zuma ke kiwo a kansu don itace da gawayi, ga feshin maganin ƙwari da ke kashe shi. Na biyu, jabun zuma na dafaffen sukari ya cika tasha da kasuwa, har mai ta gaskiya ya rasa mai yarda da shi.

Mai son haɗawa a gida, ga hanyar iyayenmu: tafasa citta da kanumfari da kimba, ka tace, ka bari ya huce, sannan ka zuba zuma. Haɗa daidai shan yini ɗaya, domin a zafin bazara irin namu ba ya jiran kwana uku. In ka ga kumfa na tasowa ko ka ji warin tsami, zubar da shi.

Masu dattawa a gida da suka taɓa rataye amya, a tambaye su a rubuta tun suna raye. Allah Ya sa mu dace.