Ɗalibin Tawa da ya ce a'a

Cikin yaran da suka shiga lakwal a Tawa zamanin Nasara, babu wanda labarinsa ya yi nisa kamar Jibo Bakari. Ba ɗan Adar ba ne ma: a Sudure aka haife shi a 1922, kawunsa Bakari ya kawo shi Tawa, sunan kawun kuwa ya bi shi har kabari. Daga baya sai William Ponty, sai koyarwa, sai magajin garin Yamai a 1956. A 1958 ya nemi a ce wa De Gaulle a'a. Ƙuri'a ta kada shi, ya yi gudun hijira.

Shi tarihi ya riƙe. Yaran ƙauyukan arewa irin su Tebaram, da suka bar aji suka tafi cin rani Abija, labarinsu sai a bakin ƴan gida.