Zariya: Gari Ya Yi Faɗi, Hanyoyi Sun Ƙi Haɗuwa

Idan muka buɗe taswirar Zariya a waya muka janye ta har garin ya fito gaba ɗaya, ba gari ɗaya za mu gani ba. Garuruwa ne huɗu ko biyar, kowanne da irin zanen titunansa, an ɗaure su da 'yan hanyoyi ƙalilan. Mu masu aikin manhajar kwamfuta, idan aka ba mu tsarin sadarwa, tambayarmu ta farko ita ce: in layi ɗaya ya yanke, akwai wata hanya? Wannan tambayar ce muke son yi wa Zariya, kuma amsarta tana cikin tarihin garin.

Mu fara da birni. Ganuwar Zazzau ta kewaye gidaje da gonaki da kududdufai, shiga da fita kuwa sai ta ƙofofi irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Kona. Manyan hanyoyi suna tasowa daga ƙofofin nan su nufi fada da masallacin Juma'a da kasuwa. A tsakaninsu akwai lunguna masu lanƙwasa, wasu ma ba sa ɓullewa, suna ƙarewa ne a ƙofar zauren wani gida. Amma hakan bai takura kowa ba, domin an yi garin ne don mai tafiya a ƙasa da mai jaki. Makarantar allo da rijiya da masallaci duk suna kusa, kuma ɗan unguwa ya san yanke uku ko huɗu zuwa ko'ina.

Turawa sun kama Zariya a 1902, jirgin ƙasa ya iso a 1911. Ba a kafa tashar a birni ba, sai can arewa, ƙetaren rafin Kubanni. A nan Sabon Gari ya tashi, mazaunin ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa, yawancinsu daga Kudu. Titunansa miƙaƙƙu ne, suna gicciye juna kamar gidan dara, kusan kowace mahaɗa tana da baki huɗu. In aka tare wani titi, sai mutum ya bi na gaba. Ta fuskar haɗuwar hanyoyi, da wuya a sami unguwar da ta fi shi a garin har yau.

Sai dai waɗanda suka zana shi ba su so ya haɗu da maƙwabtansa ba. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Lugga, ta ƙarfafa raba mazaunai, kuma ƙa'idar lokacin ita ce a bar filin da ba a gini, mai faɗin yadi 440, tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don gudun cizon sauro. Haka aka sami GRA a gefe guda, Sabon Gari a gefe guda, Tudun Wada ta baƙin Arewa a bakin ganuwa, birni kuma a cikin ganuwarsa. Kowanne na da hanyoyinsa a ciki, amma abin da ya haɗa su bai wuce titi ɗaya ko biyu da gada ba.

Daga nan sai zamanin makarantu da barikoki. Tashar binciken aikin gona ta Samaru ta fara a shekarun 1920, Kwalejin Barewa ta komo Zariya a 1949, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta biyo baya a 1964. Waɗannan su ne abin alfaharin garin, amma kowacce ta ɗauki ƙaton fili ta kewaye da shinge. Titin da ya zo bakin shinge nan ya ƙare. Saboda haka garin ya miƙe ta hanyar Sakkwato, daga PZ zuwa Kwangila, Palladan, Samaru, har Shika inda asibitin koyarwa ya koma. Ɗalibi da majinyaci da tirela mai zuwa Funtuwa duk kwalta ɗaya suke rabawa.

Zango na ƙarshe shi ne wanda muke ciki, zamanin awon igiya. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, amma a gefen gari mai gona ne ke yanka gonarsa fuloti-fuloti, da dillali da shaidar mai unguwa. Kowane taku da ya bari don hanya kuɗi ne ya rasa, don haka yakan bar ɗan siririn layi da zai kai ga fulotansa kawai. Maƙwabcinsa ma ya yi haka, layukan biyu ba su dace da juna ba. Sakamakon shi ne unguwanni masu siffar bishiya: reshe ya fito daga babban titi, ƙananan rassa su fito daga jikinsa, kowanne ya mutu a jikin katangar wani. Ba Zariya kaɗai ba ce. Wani bincike da aka wallafa a 2020, wanda ya yi amfani da taswirar OpenStreetMap, ya nuna cewa a sassa da yawa na duniya titunan da aka gina tun daga 1975 suna ƙara zama marasa haɗuwa da juna.

Wani zai ce ai birni ma lunguna ne. Bambancin shi ne lungun birni yana kusa da duk abin da mazauninsa ke buƙata. Lungun sabuwar unguwa kuwa yana nesa da kasuwa da asibiti da wurin aiki, kuma mafitarsa ɗaya ce. Gida biyu na iya juya wa juna baya, amma sai an zagaya ta bakin titi kafin a je gaisuwa. Mai Keke Napep zai ƙara kuɗi. Motar kashe gobara za ta tsaya inda layi ya matse. Mai naƙuda da dare za ta jira a fito da ita zuwa inda mota ke iya kaiwa. Bututun ruwa da magudana ma hanya suke bi, inda babu ita ba za su shiga ba.

Gida ana rushe shi a sāke, rufi ana canza shi, amma zanen hanya yakan yi shekaru ɗari bai motsa ba. Titunan Sabon Gari da aka ja fiye da ƙarni guda da ya wuce su muke bi yau. Hanyar da ba a bari ba ranar yankan fuloti, ba a samun ta daga baya sai da rusau da diyya da ƙiyayya tsakanin maƙwabta.

Gonakin da ke bayan Shika da Basawa da Dakace su ne unguwannin jikokinmu. Tun kafin igiya ta sauka a kansu ya kamata hukumar tsara birane da masu unguwanni da masu gonaki su zauna su yarda a kan abu ɗaya: kowane sabon layi ya ɓulle ga wani layin. Mai sayen fili kuma, bayan ya tambayi farashi da takarda, ya ƙara da tambayar ta ina ake fita idan an tare bakin layi.