Me ya sa intanet ke farawa da gudu, ya ƙare da rarrafe?

Idan ka taɓa zama a shagon kwamfuta a Illela ranar Lahadi, ranar da kasuwa ke ci, ka san wannan takaicin. Da safe ka jona kwamfuta da wayarka ko da 'yar na'urar MiFi, shafi na buɗewa nan take. Kafin azahar sai tafiyar hawainiya: ga ɗalibi na jiran rajista, ga ɗan kasuwa daga Ƙonni na jiran shaidar shigar kuɗinsa. Kowa sai ya ce, "Ai sabis ne." To, ciwon ya girmi wayar GSM a Najeriya, wadda ba ta iso ba sai 2001.

A 1971, Norman Abramson da abokan aikinsa a Jami'ar Hawaii suka haɗa kwamfutocin tsibiran yankin ta hanyar rediyo, suka kira tsarin ALOHAnet. Matsalar da suka fuskanta ita ce iska ɗaya ce kowa ke magana a cikinta. Idan na'ura biyu suka aika saƙo lokaci guda, saƙonnin su yi karo, kowace ta ɗan jira ta sake aikawa. Wi-Fi, wanda aka fitar da ƙa'idarsa a 1997, ya gaji wannan hali: na'ura takan saurara, in ta ji shiru ta yi magana. Shi ya sa kowace wayar da ta shigo shagon ta jona, cikin rabonka take ci.

Ciwo na biyu ya bayyana a watan Oktoban 1986 a Amurka. Tsakanin ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, tazarar yadi 400 kacal, gudun bayanai ya faɗo daga bit 32,000 a daƙiƙa zuwa 40. Ba wayar da ta tsinke. Kwamfutoci ne da suka ga saƙo bai isa ba suke ta maimaita shi, hanya ta ƙara toshewa. A 1988 Van Jacobson ya wallafa maganin: kwamfuta ta riƙa ƙara gudu har sai wani saƙo ya ɓace, sannan ta ja da baya sosai. Kenan wani lokaci kwamfutarka da gangan take sassautawa, don kada hanya ta rufe wa kowa.

Da ma'adanar bayanai ta yi araha, sai masu ƙera na'urori suka faɗaɗa wurin da saƙonni ke jiran layi. A 2010 injiniya Jim Gettys ya nuna illar hakan. Ka tuna jerin tireloli a bakin iyaka: faɗaɗa filin ajiye motoci ba ya ƙara faɗin ƙofa, layi kawai yake tsawaitawa. Tunda saƙo ba ya ɓacewa da wuri, kwamfuta ba ta gane cunkoso ba balle ta sassauta. Bidiyo ɗaya da wani ke ɗorawa ya isa ya tsayar da shagon duka.

Illela kuma ta ƙara nata. Hasumiyar sadarwa rabawa take tsakanin duk masu amfani da ita, ranar kasuwa kuwa baƙi sun cika gari. Zafin Afrilu yakan haura digiri 40, kuma waya ko MiFi in ta ɗau zafi takan rage aiki da kanta don kare kayan cikinta.

Saboda haka kafin ka zagi kamfani, bi sawun ciwon. Gwada shafin a wayarka da datarta kai tsaye. In ya buɗe da sauri, matsalar tana tsakanin kwamfuta da na'urar: matso kusa, cire waɗanda suka jona, dakatar da sabunta Windows da ke gudana a ɓoye, ka koma zangon 5 GHz in na'urar na da shi. Taɓa ta; in ta yi zafi, kashe ta, ka kai ta inuwa. In kuwa wayar ma rarrafe take, kuma kullum a lokaci ɗaya, to hasumiya ce ta cika. Aikin da ba ya jira, irin rajistar ɗalibin nan, yi shi bayan sallar asuba.